Saɓar tauraro

Daren da na fara ganin wani zoben hazo da ke can cikin taurari da idona, gaskiya ban ji daɗi ba. Na sha kallon hotonsa a intanet: zobe mai ja a bakinsa, kore da shuɗi a cikinsa, ya cika fuskar kwamfuta. Da na kanga ido a madubin hangen nesa, abin da na tarar ɗan tabo ne ruwan toka, dishi-dishi, wanda in ba an ce mini ga shi nan ba, da na wuce shi ban sani ba.

Madubin na wani tsohon malaminmu na kimiyya ne, dattijo mai haƙuri da ya ajiye aiki tun da daɗewa. Faɗin gilashinsa santimita 20. A daren babu wata, sama ta yi garau, mun kuma yi nisa da fitilu. Da yatsa ya fara nuna mini Vega, farin tauraron nan mai ƙyalli a sashen arewa na sama. Kusa da shi akwai wasu ƙananan taurari huɗu da suka yi kamar akwatin da aka ɗan ture ya karkace. Biyun da suka fi nisa da Vega su ne Sheliak da Sulafat. Ya ce in bi tsakaninsu a hankali, can wajen tsakiya abin yake.

Na ɗago na ce, "Malam, shi ke nan? Wannan ne kuke ta ba mu labarinsa?"

Ya ce, "Kada ka kafa masa ido, ɗana. Dubi gefensa kaɗan, ka bar shi ya shigo maka ta wutsiyar ido. Kuma ka ba shi lokaci."

Na yi yadda ya ce. Bayan kamar minti ɗaya sai tabon ya buɗe. Tsakiyarsa ta yi duhu, gefensa ya fito, ga zobe sosai, ɗan mitsitsi, kamar hayaƙin da aka busa ya tsaya cak ya ƙi watsewa. Ashe a bayan idon mutum ƙwayoyin gani iri biyu ne. Na tsakiya su ke rarrabe launi, amma sai da haske mai yawa suke aiki. Na gefe suna jin haske komai rauninsa, sai dai ba su san ja ko kore ba. Shi ya sa a duhu wutsiyar ido ta fi tsakiyarsa gani, shi ya sa kuma zoben ya zo mini da launin toka. Launukan hotuna kyamara ce ke tara su, tana buɗe na tsawon mintuna ko sa'o'i, abin da ido ba ya iyawa.

Muna naɗe kaya Malam ya faɗi maganar da ta hana ni barci. Ya ce, "Saɓa ka gani, irin ta maciji. Wani tauraro ne ya tuɓe jikinsa ya yar. Bambancin kawai, maciji yana fita da sabuwar fata ya ci gaba da harkarsa, shi kuwa wannan ba zai sake ci ba." Ya ƙara da cewa tauraro irin Ranarmu yakan yi shekara wajen biliyan 10 yana ci, saɓar kuma daga fitowarta zuwa ɓacewarta kamar shekara 20,000 ce.

Da na koma gida na ɗauki biro. In aka mayar da shekara biliyan 10 ta zama rayuwar mutum mai shekara 70, shekara 20,000 za ta zama awa ɗaya da kamar kwata. Na sake lissafin sau biyu don in tabbata. A duk tsawon rayuwar tauraron, awa guda kawai yake sanye da wannan zobe, ni kuma Allah ya sa na leƙa a cikin awar. Hasken ma da ya shiga idona ya baro can tun shekara kusan 2,500 da suka wuce. Wannan gajartar lokaci ita ta sa irinsu ba su da yawa: babban garken taurarin da Ranarmu ke ciki ya haura taurari biliyan 100, amma saɓar da aka gano a cikinsa ba ta wuce dubu uku da wani abu ba.

Tun ina yaro na ɗauka fashewa ce ajalin kowane tauraro. Ashe manyan da suka haura nauyin Rana sau 8 ne ke fashewa, abin da ake kira sufanoba, kuma 'yan tsiraru ne. Masu nauyi daga kusan na Rana zuwa ninkinsa 8 a hankali suke tafiya, suna raguwa, babu ƙara. Tun daga daren nan wannan mutuwar ta sannu ta fi ɗaukar hankalina.

Tauraro yana tsaye ne tsakanin abu biyu masu ja-in-ja. Nauyinsa na danna shi ciki, zafin cibiyarsa na tura shi waje. A cibiyar Rana zafi ya kai digiri miliyan 15, a nan haidirojin ke haɗewa ya zama hiliyam, kusan tan miliyan 600 a kowace daƙiƙa. Muddin akwai haidirojin a cibiya, ja-in-jan ba ya samun gwani. Ranar da ya ƙare, cibiya ta fara tsukewa tana ƙara zafi, wuta ta koma ci a kewayenta, jikin tauraron na waje kuma ya yi ta kumbura har faɗinsa ya ninka sau 100 ko 200. Fatarsa ta huce ta koma ja. Shi ne ake ce wa jan ƙato. In zafin cibiya ya kai digiri miliyan 100, hiliyam ma ya kama, ya riƙa zama kabon da oksijin, tauraron ya ɗan lafa na shekara kamar miliyan 100. Sai hiliyam na cibiya shi ma ya ƙare. Kabon kuwa sai zafi ya haura digiri miliyan 500 yake kamawa, tauraro irin Rana kuma ba shi da nauyin da zai matse cibiyarsa har ta kai can.

Daga nan cibiya ta zama dunƙulen kabon da oksijin wanda wuta ta mutu a cikinsa, girmansa bai fi na Duniyarmu da yawa ba. A kewayensa akwai ɓawo biyu masu ci, na hiliyam a ciki, na haidirojin a waje. Na hiliyam ba ya ci lami lafiya. Yakan yi shiru na dubban shekaru sannan ya tashi gaba ɗaya, kamar mai fama da tari. Tashin nan na dama cikin tauraron, ya kwaso kabon daga ƙasa ya kai shi sama. Jikin ya sake kumbura fiye da na farko, har nauyinsa ya kasa riƙe fatarsa da kyau. Yana buɗewa yana tsukewa, numfashi ɗaya ya ɗauki watanni ko shekara. Can a gefen waje inda sanyi ya samu, kabon da silikon suna daskarewa su zama ƙura mai laushi kamar baƙin da hayaƙin fitila ke bari a jikin gilashi. Hasken tauraron ya tura ƙurar, ƙurar ta ja iskar gas, duka su kama hanya da gudun kilomita 10 zuwa 15 a daƙiƙa. A ƙarshe-ƙarshe wani yakan zubar da abin da ya kai nauyin Duniyarmu a shekara guda, wani ma fiye.

Akwai tauraron da ke cikin wannan hali yanzu haka, kuma ba sai da madubi ake ganinsa ba. Sunansa Mira. Tun 1596 wani Bajamushe, David Fabricius, ya lura da shi. Yakan haskaka har ido ya gan shi sarai, sannan ya dushe ya ɓace, ya dawo bayan kwana kusan 332. A 2007 wani madubin sararin samaniya na Amurka ya gano yana jan wutsiyar gas mai tsawon tafiyar haske ta shekara 13, duk abin da ya zubar ne a hanya yana tafe. Tafiyar haske ta shekara guda kuwa kilomita tiriliyan 9.5 ce. Na ware wani ɗan littafi don Mira kaɗai, duk daren da na same shi sai in rubuta ko ya fi maƙwabtansa haske ko bai kai su ba. Ina son in ga numfashin da idona, ko sau uku ne a jere.

In zubarwar ta cinye jikin, sai cibiya ta bayyana tsirara. Fuskar Rana digiri kamar 5,500 ce. Fuskar wannan cibiya kuwa hawa take yi, ta wuce 30,000, wani lokaci ta haura 100,000. A irin wannan zafi yawancin haskenta altirabayolet ne, wanda ido ba ya gani amma yana da ƙarfin fizge elektiron, wato 'yan ƙwayoyin da ke kewaya cibiyar ƙwayar zarra, daga jikinta. Ya bugi gas ɗin da aka zubar tun dubban shekaru, wanda duk wannan lokacin yana tafe cikin duhu, sai ya kama walƙiya. A lokaci guda cibiyar na busa wata sabuwar iska, siririya amma mai gudun da ya haura kilomita 1,000 a daƙiƙa. Ta cim ma tsohuwar mai tafiyar hawainiya, ta share ta, ta tara ta wuri ɗaya yadda tsintsiya ke tara rairayi ya yi kunya irin ta gona. Kunyar nan ita ce bakin zoben da na gani. Wani masanin Tarayyar Sobiyet, Iosif Shklovsky, shi ya nuna a 1956 cewa daga jan ƙato saɓar ke fitowa, bayanin iskoki biyun kuma Sun Kwok da abokan aikinsa biyu suka kawo shi a Kanada a 1978.

Sunan da masana suka ba abin kuskure ne da ya samu wurin zama. Nebula kalmar Latin ce, ma'anarta hazo ko gajimare, wannan ba laifi. Amma wannan nau'in suna kiransa nebula ta duniyoyi, alhali babu abin da ya haɗa ta da duniyoyi. Charles Messier, Bafaranshe mai farautar taurari masu wutsiya, shi ya fara cin karo da ɗaya a 1764, ya sa ta a jerin abubuwan da ke ruɗa shi a wajen farauta, lamba ta 27. Zoben da na gani shi ne lamba ta 57, an gano shi a 1779, wani Bafaranshen kuma, Antoine Darquier, ya kwatanta shi da duniyar da ke dushewa mai girman Mushtari, wato Jupita. William Herschel, wanda ya gano duniyar Yuranus a 1781, ya ga irinsu da yawa zagayayyu masu ɗan kore-kore kamar ita, sunan ya bi su daga nan. Ni dai na Malam nake amfani da shi, don ya fi faɗin gaskiyar abin.

Labarin koren launin nan shi na fi so a duk wannan fanni. Ranar 29 ga Agusta 1864, William Huggins, wanda ya gina ɗakin kallon taurari a gidansa a Landan, ya juya madubinsa ga wata saɓa da ake kira Idon Kyanwa. Ya haɗa madubin da gilashi mai kusurwa uku, irin wanda ke warware haske ya zama bakan gizo. Hasken tauraro in ya ratsa wannan gilashi, cikakken baka yake bayarwa daga ja zuwa shuɗi. A lokacin ana ta gardama ko waɗannan gajimarai tarin taurari ne da nisa ya haɗe su, ko wani abu ne daban. Huggins ya duba bai ga baka ba, sai siririn layi ɗaya mai haske. Ya ba da labari daga baya cewa da farko ya zaci gilashin ne ya goce daga mazauninsa. Da ya ƙara dubawa ya ga wasu layuka biyu masu rauni a gefe, tsakaninsu duhu. Gas mai walƙiya ne kaɗai ke ba da haske haka. A dare ɗaya ya raba gardamar.

Sai wata ta taso. Kowane sinadari yana da layukansa da ake gane shi da su, kamar zanen yatsa. Ɗaya daga cikin layukan na haidirojin ne. Amma babban, koren, bai dace da na kowane sinadari da aka sani ba. Aka ce to sabon sinadari ne, aka raɗa masa suna nebuliyam. Ba wauta suka yi ba, domin hiliyam ma a hasken Rana aka fara ganin layinsa a 1868, sai 1895 aka same shi a ƙasa. An yi ta jiran nebuliyam ya bayyana haka, bai bayyana ba. Da aka gama jera sinadarai bisa tsarinsu, aka ga babu ma gurbin da zai shiga.

Shekara 63 ana cikin wannan, sai a 1927 Ira Bowen, wani masani a Kalifoniya, ya warware ta. Oksijin ne, wannan dai da muke shaƙa, wanda aka fizge wa elektiron biyu. In wani elektiron ya buge shi, yakan shiga wani hali da zai riƙe ƙarfin bugun sama da rabin minti kafin ya sake shi a matsayin koren haske. A wurin ƙwayar zarra rabin minti zamani ne mai tsawo. A iskar da ke ɗakinka kowace ƙwaya tana karo da 'yan uwanta sau biliyoyi a daƙiƙa ɗaya, don haka kafin ta kai ga sakin hasken wata ta bangaje ta ta ƙwace ƙarfin. A cikin saɓa kuwa, wuri mai girman kan yatsa ƙwayoyi ɗaruruwa ne ko 'yan dubbai kawai a ciki, alhali a iskarmu adadin lamba ce mai sifili 19 a bayanta. Can babu mai bangazar wani. Oksijin ya samu sarari ya gama abin da ya fara. Na daɗe ina juya wannan a raina: abin da na gani kamar hayaƙi mai kauri ya fi duk wani fanko da yawancin na'urorinmu ke iya yi zama wayam, girmansa ne kawai, faɗin tafiyar haske ta wajen shekara guda, ya tara hasken har ya isa a gani daga nan.

Akwai tambayar da na yi wa Malam a wani daren. Na ce, "Malam, tauraro ai dunƙulalle ne kamar ƙwallo. Me ya sa saɓarsa ba ta fita a dunƙule?" Domin cikin biyar, kamar ɗaya ce kawai ke fitowa zagayayya sumul. Sauran wata kamar ƙwai, wata kamar kalangu mai siririn ƙugu, wata da fukafukai biyu kamar malam-buɗe-littafi. Madubin Hubble, wanda aka harba a 1990, ya fito da siffofin da ba wanda ya zata. Ya ce, "Nemi abokin zama." Taurari da yawa bibbiyu suke, suna kewaya juna. In ɗaya ya kumbura ya fara zubarwa, ɗayan yakan ja gas ɗin ya naɗe shi kamar ɗamara a ƙugu. Iska mai gudu in ta taso ta tarar ƙugu a ɗaure, sai ta fita ta sama da ƙasa.

Ranar 12 ga Yuli 2022, cikin hotunan farko da madubin sararin samaniya na James Webb ya fitar, akwai na wata saɓa da ake kira Zoben Kudu. A tsakiyarta akwai tauraro mai haske da duk mai kallo zai ɗauka shi ne mai saɓar. Ba shi ba ne. Kusa da shi ga wani ɗan ƙarami, jajaja, lulluɓe da ƙura, shi ne ya tuɓe. A 2023 Webb ya ɗauki zoben nawa, na tsakanin Sheliak da Sulafat. An ƙirga dunƙule-dunƙulen gas kusan 20,000 a jikinsa, a bayansa kuma wasu siraran da'irori kamar 10, ɗaya na kewaye da ɗaya, tazarar shekara wajen 280 tsakaninsu, alamar akwai wani abokin zama da ke kewayawa yana barin sawu a duk zagaye. Zoben ma ashe ba zobe ba ne. Ya fi kama da ganga marar fata, mu kuma ta bakinta muke leƙawa. Da a gefe muke, wata siffa dabam za mu gani, wani suna dabam kuma za a ba shi.

Abin da ke saura a tsakiya shi ne farin wada. Nauyinsa kamar rabin na Rana ko fiye kaɗan, an cusa shi a jiki mai girman Duniya, har gutsure mai girman kan yatsa ya kai tan guda. Ba ya ƙona komai. Zafin da ya tara yake saki a hankali, shekara biliyoyi yana hucewa. Shi'ira, tauraron da ya fi kowane haske da dare, wanda sunansa ya zo a Suratun Najmi, yana da irin wannan abokin da suke kewaya juna duk shekara 50. Friedrich Bessel ya gane akwai shi a 1844 daga yadda Shi'ira ke tangaɗi a tafiyarsa, aka gan shi ta madubin hangen nesa a 1862. Tasa saɓar ta watse tun shekaru miliyoyi da suka wuce, ba ko alamarta.

To ina take zuwa in ta watse? Gauraya take yi da gas da ƙurar da ke tsakanin taurari, waɗanda daga cikinsu ake samun sababbin taurari da duniyoyi. Kuma ba yadda ta shiga take fita ba. A 1952 Paul Merrill ya ga layukan wani sinadari mai suna teknitiyam a hasken wasu jajayen ƙatta. Wannan sinadari ba ya daɗewa, mafi tsawon ransa rabinsa ke lalacewa cikin shekara kamar miliyan 4, taurarin kuwa sun girme haka nesa ba kusa ba. Ke nan a cikinsu ake ƙera shi. Haka kaso mai yawa na kabon da naitirojin da ke sararin samaniya, da sinadarai masu nauyi irin su dalma, daga irin waɗannan taurari suka fito. A watan Satumba na 1969 wani dutse ya faɗo daga sama kusa da garin Murchison a Ostareliya. Da aka narkar da gutsurensa da sinadarai masu ƙarfi, an samu wasu 'yan ƙwayoyin ƙura na silikon da kabon da suka ƙi narkewa, tsarinsu ya nuna a iskar irin waɗannan tsofaffin taurari suka daskare. Wani bincike na 2020 ya nuna wasunsu sun kai shekara biliyan 7, Rana kuwa biliyan 4.6 take. Akwai mutanen da suka ɗora wannan ƙura a kan gilashi suka dube ta. Duk lokacin da na tuna haka sai tsigar jikina ta tashi.

Ranarmu ma hanyarta ke nan. Saura mata shekara wajen biliyan 5 kafin haidirojin na cibiyarta ya ƙare. Za ta kumbura ta haɗiye duniyoyi biyu da suka fi mu kusa da ita, tekunan Duniya kuwa sun ƙafe tun kafin nan da daɗewa. Za ta zubar da kusan rabin nauyinta. An daɗe ana ganin cibiyarta ba za ta yi zafi da wuri ba, gas ɗin zai watse kafin a haska shi. Wani lissafi da aka wallafa a 2018 ya nuna irin wannan cibiya ta fi saurin ɗaukar zafi fiye da yadda aka zata, don haka Rana za ta samu tata saɓar, mai rauni, tana dab da ƙasan iyakar masu iya yi. Na ji daɗin wannan labari, ban kuma ɓoye wa Malam ba.

Da yake shekara 20,000 ta fi ƙarfin rayuwar mutum, na ɗauka ba mai ganin ɗayansu na canzawa. Amma akwai wata ƙarama, Hen 3-1357, cikin mafi ƙuruciyar da aka sani. Hubble ya ɗauke ta a 1996 tana walƙiya, gefunanta a fili. Ya sake ɗaukarta a 2016, ta dushe, siffarta ta ɓaci, hasken oksijin ɗinta ya ragu kusan sau 1,000. Tauraron tsakiyarta ne ya huce, ya rage hasken da yake aika mata. Shekara 20 kacal. Na ajiye hotunan biyu kusa da juna a wayata.

Bara na sayi wani ɗan gilashi da ake ɗaurawa a bakin idon madubi. Aikinsa tace haske: ya tare kusan komai, ya bar koren layin oksijin nan na Huggins da Bowen da ɗan uwansa na kusa su wuce. Na kai wa Malam, muka jira daren da babu wata, muka nemi Helix, ɗaya daga cikin saɓar da suka fi kusa da mu, tafiyar haske ta shekara kamar 650. Faɗinta a sama ya kai rabin na wata, amma haskenta a baje yake, na sha nemanta a baya ina ratsa ta ban gan ta ba. Da muka ɗaura gilashin, taurari suka dushe, sama ta yi baƙi ƙirin, sai ga ta, babba, zagayayya, kamar numfashi a jikin taga.

Malam ya ce, "Yanzu cire gilashin, ka riƙe wurin a ranka, ka dubi tsakiya."

Tauraron tsakiyar zoben farko ya fi ƙarfin madubin santimita 20, na gwada sau da yawa bai fito mini ba. Na Helix ya ɗan fi shi haske. Na cire gilashin, saɓar ta kusa ɓacewa, taurari suka dawo. Na kau da ido gefe kaɗan na jira. Ya fito, ya ɓace, ya sake fitowa, ɗigo ɗaya kamar kan allura, daidai tsakiyar inda zoben yake. Zafin fuskarsa ya haura digiri 100,000.

Na ce, "Malam, na gan shi. Ku zo ku duba kafin ya fita daga madubin."